Yadda Ake Zaɓen Injin Niƙa Gahawa Don Haɗa Esfireso a Gida

Duk wanda ya taɓa kai niƙa wurin mai inji ya san garin tuwo daban, tsakin dambu daban. Hatsin ɗaya ne, amma gwargwadon yadda mai inji ya ɗaure ko ya sassauta, haka abincin gidan zai kasance. Gahawa ma haka take, sai dai a cikin duk hanyoyin dafa ta babu wadda ta kai esfireso, wato 'yar gahawa mai kauri da inji ke matsowa, tsanani a kan niƙa.

Lokacin da na fara, kuɗina gaba ɗaya na zuba a injin esfireso, na ce niƙa ai ba wani abu ba ne, ƙaramin kofin bulanda da ake niƙa yaji da shi zai wadatar. Finjalin farko ya cika cikin sakan 8, ruwa tsararo, ga tsami, ga ƙamshin citta da kanumfari a bayansa. Na yi wata biyu ina zargin injin, alhali ba shi da laifi. Da wani ya zaunar da ni tun farko ya ce in fara da injin niƙa, da na huta. Abin da nake so in yi maka ke nan.

Ga ɗan bayanin da kake bukata. Injin esfireso yana tura ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 ta cikin dannannen garin gahawa da matsin da ya kai bar 9 a ma'aunin matsi, wato kusan ninki huɗu na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Babu abin da ke tare wannan ruwa sai garin kansa, shi ne madatsa. In ya yi tsaki, ruwa ya wuce fuu bai ɗebo komai ba. In ya cika laushi, ya toshe, sai ɗigo mai ɗaci. In kuma gauraye yake, wani tsaki wani ƙura, to sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwan zai fasa hanya guda ya bi, ya bar sauran garin, ka sha tsami da ɗaci a kurɓi ɗaya.

Kayan da za ka tanada

Sikeli mai auna har giram 0.1, irin ƙaramin nan na masu sayar da gwal. Shi ne kan gaba, don ba a auna esfireso da cokali.
Agogon ƙirga sakan. Na wayarka ya isa.
Gasasshiyar ƙwayar gahawa, aƙalla giram 250, wadda ba ta wuce sati 1 zuwa 4 da gashi ba.
Farar takarda guda biyu.
Ƙaramin burushi busasshe, sabon burushin fenti ma ya yi.
Injin esfiresonka da madanninsa. Ka san faɗin ɗan kwandon ƙarfen da ake zuba gari a ciki: yawancin manyan injuna milimita 58 ne, ƙananan Breville da yawa 54, na De'Longhi da yawa 51.

Mataki na 1: Ka ƙirga finjalinka, ka raba kuɗinka

Finjali nawa ake sha a gidanka kullum? In ɗaya ne ko biyu, kai kaɗai bayan asuba, injin hannu zai ɗauke ka shekaru. In kuwa kai da uwargida ne, ga baƙi suna zuwa a haɗa biyar ko shida a jere, hannunka zai gaji, sai ka dubi na lantarki. Ka kuma tambayi kanka ko esfireso kaɗai za ka riƙa yi, ko za ka haɗa da gahawar tacewa, wadda ake zuba ruwan zafi a kan garin ya tace, don wannan zai shafi zaɓinka a gaba.

Game da kuɗi, shawarata ita ce in kana sayen duka biyu, kada kason injin niƙa ya gaza rabi. Matsakaicin injin esfireso da injin niƙa mai kyau zai ba ka finjali mai daɗi. In ka juya lissafin, ba za ka samu ba.

Mataki na 2: Ka cire mai wuƙa daga lissafi

Injunan da ake sayarwa da sunan niƙa gahawa iri biyu ne. Akwai mai 'yar wuƙa a ƙasa tana juyawa kamar ta bulanda. Wannan sara yake yi, ba niƙa ba, kuma ba shi da wurin daidaita laushi sai dai ka ƙara masa lokaci. Ka zazzage abin da ya fitar a kan farar takarda ka baza da yatsa, za ka ga gutsattsari kamar tsakin masara a gefe, ga ƙura tana manne wa yatsa. Duk arharsa, bar shi a kanti.

Wanda kake nema shi ne mai haƙora biyu, ɗaya a tsaye ɗaya yana juyawa, ƙwaya tana bi ta tsakaninsu tana murƙushewa, kamar dutsen niƙa da ɗansa. Tazarar da ke tsakanin haƙoran ita ke yanke girman gari. Kada ka tsaya a hoton kwali. Ka buɗe murfin ka leƙa, don akwai masu arha da ke da wasu faifai dakusassu masu 'yan ƙusoshi, waɗanda fasa ƙwaya suke yi, ba su da kaifin yanka.

Mataki na 3: Ka binciki madaidaicin laushi

A nan maganar take, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Injuna da yawa suna iya niƙa gari mai laushin esfireso, har a rubuta hakan a kwalinsu. Amma laushi kaɗai bai isa ba. Abin tambaya shi ne, in ka juya madaidaicin sau ɗaya, nawa haƙoran ke matsawa?

Ga abin da ke faruwa da injin da gaɓoɓinsa ke da faɗi. Ka sa shi a lamba 5, esfireso ya zubo cikin sakan 17, tsami. Ka matsa zuwa lamba 4, sai inji ya shaƙe, sakan 50 bai cika finjali ba. Abin da kake nema yana tsakanin 4 da 5, kuma injin ba shi da wurin tsayawa a nan. Na yi shekara guda da irin wannan, kullum ina ƙara gari ina ragewa don in cike gurbin da injin ya kasa cikewa.

Madaidaici iri biyu ne. Mai gaɓa, wanda ke yin ƙas-ƙas in ka juya shi, da mara gaɓa, wanda ke juyawa sumul kamar kan famfo, ka tsaya duk inda ka so. Mara gaɓa ya fi ba da 'yanci, amma komawa daidai inda ka baro yana da wuya sai ka sa alama. Mai gaɓa ba laifi ba ne muddin gaɓoɓin ƙanana ne.

Masu ƙera injunan hannu sukan faɗi tazarar kowace gaɓa da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Misali, 1Zpresso J-Max yana matsawa maikuron 8.8 a kowane ƙas, JX-Pro 12.5, Kingrinder K6 kuwa 16. Comandante C40 na Jamus, duk da sunan da ya yi a gahawar tacewa, yana kai wajen 30, shi ya sa masu esfireso ke sauya masa sanda da wadda ake kira Red Clix, ta raba gaɓar biyu. Ni ma'aunina a injin hannu shi ne daga 16 zuwa ƙasa. In mai sayarwa bai san wannan lamba ba kuma babu ita a takardar injin, to ka ɗauka ba don esfireso aka yi shi ba.

Ka kuma kula da kamannin suna. Baratza Encore na asali yana da gaɓa 40, amma an baza su ne daga laushi har tsaki, don gahawar tacewa. Encore ESP shi ma 40 ne, sai dai 20 na farko an matse su wuri ɗaya saboda esfireso. A ido kusan abu ɗaya ne. Haka Timemore C2 da C3 na asali, ba su da matsattsun gaɓoɓin da ke kan samfurin da aka rubuta wa ESP. Ka karanta haruffan ƙarshen suna kafin ka biya.

Mataki na 4: Na hannu ko na lantarki

A kuɗi ɗaya, na hannu ya fi ba da niƙa mai kyau, don ba ka biya kuɗin motar lantarki mai juya haƙora da wayoyinta ba, haƙora ka saya. Mai haƙoran ƙarfe na milimita 48 yana gama giram 18 cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka. Ba ruwansa da ɗauke wuta, ba ya tada mai barci, yana shiga jakar tafiya. Wahalarsa ita ce gahawar da ba a gasa sosai ba, mai hasken launi, tana da tauri, za ka ji ta a kafaɗa. Idan ka riƙe shi a kanti, ka kama haƙorin tsakiya ka girgiza. Kada ya yi lilo ko kaɗan. Sandar da ke rawa ita ke fitar da gari mara daidaito, kuma wannan ne ciwon ƙananan injunan hannu masu arha.

A na lantarki, sunayen da za ka fi cin karo da su su ne Eureka Mignon na Italiya, wanda samfurinsa Specialita ke da faifai milimita 55 kuma ba shi da gaɓa. Niche Zero na Ingila mai haƙora milimita 63. DF64 da ake ƙerawa a Sin mai faifai milimita 64. Sai Encore ESP a matsayin na masu farawa. Breville, wanda ake sayarwa da sunan Sage a Ingila, yana da injunan esfireso masu injin niƙa a jiki. Suna rage cunkoso a kicin, amma in ɗaya ya lalace ka rasa biyu, kuma ba ka iya sauya ɗaya ka bar ɗaya.

Mataki na 5: Siffar haƙora da abin da aka yi su da shi

Akwai masu siffar mazurari, ɗaya cikin ɗaya, akwai kuma faifai biyu da ke fuskantar juna. Masana suna ta muhawara a kai. A bakina, mazurari yana ba da esfireso mai kauri da ke tafiya da madara, faifai kuma yana fito da ɗanɗanon ƙwayar tas. Mai farawa kada ya ɓata dare a kan wannan. Ka dai zaɓi ƙarfe a kan tangaran: ya fi kaifi, ya fi sauri, kuma in ya ci karo da tsakuwa ba ya fashewa kamar tangaran.

Mataki na 6: Ka auna abin da ke maƙalewa a ciki

Ka auna giram 18, ka zuba, ka niƙa, ka auna abin da ya fito. In 17.8 ka samu, madalla. In 15 ka samu, to giram 3 suna kwance a lungunan injin, kuma gobe da safe su za su fara faɗowa cikin kwandonka bayan sun kwana sun sha iska. Niƙaƙƙiyar gahawa cikin mintoci take fara rasa ƙamshi, balle kwana.

Injunan shago masu babban mazubi a sama an yi su ne don wurin da ake niƙa ba tsayawa. A gida, musamman a zafinmu, barin ƙwaya a mazubin roba kwana da kwanaki yana tsufar da ita. Na fi son injin da ake auna na finjali ɗaya a zuba, irin Niche Zero da DF64, ko kowane na hannu. Irin waɗannan ne kuma suka fi sauƙin kaiwa da komowa tsakanin esfireso da gahawar tacewa. In mai mazubi ka samu, zuba abin da za ka sha kawai, ka fara watsar da giram 2 na farko kowace safiya.

Da hunturu za ka ga gari yana tashi yana manne wa jikin inji da tebur, har da hannun riga, saboda bushewar iska. Maganinsa ɗigon ruwa ɗaya: jiƙa bayan cokali, ka juya ƙwayar da shi kafin ka zuba. Ɗigo ɗaya fa, kada ka wuce, don danshi mai yawa yana jawo tsatsa.

Mataki na 7: Wuta, kayan gyara da na gwanjo

Wutar Najeriya da Gana bolt 230 ce, ta Nijar 220. Ta Amurka 120 ce, ta Japan 100. Wani ɗan'uwana ya aiko mini da inji daga Amurka, na sa masa adafta na jona, ko sakan uku bai yi ba sai ƙauri. Adafta siffar filogi kawai take sauyawa, ba ta rage ƙarfin wuta. Ka juya injin ka karanta tambarin ƙasansa, ka tabbata an rubuta 220 zuwa 240. Kayan Ingila da na Dubai sun dace da soket ɗinmu na Najeriya mai ƙafa uku. In na Amurka ya riga ya zo hannunka, sai da taransifoma mai rage wuta. Injin niƙa na gida ba ya cin wuta sosai, yawanci bai wuce wat 350 ba, inbata tana ɗauka. Injin esfireso ne mai ci, yakan haura wat 1000. Ka sa sitabilaiza, kuma ka zare filogi in ka gama.

Ka tambaya ko ana samun haƙoran canji na wannan samfuri. In gwanjo za ka saya, irin tsofaffin Mazzer Super Jolly da shagunan gahawa ke sauyawa, ka zare filogi, ka kwance haƙorin sama, ka goga farcenka a kan kaifin. Mai rai zai kankare farcen, dakusasshe zai zame. Ka kunna shi babu komai a ciki ka saurara: ƙara ɗaya miƙaƙƙiya kake so, ba ƙugi ko kaɗawa ba. Sannan ka shinshina. Injin da aka taɓa niƙa barkono ko kimba da shi ba ya rabuwa da warin.

Mataki na 8: Gwajin gaskiya a finjali

In mai kanti zai yarda ka gwada, ko in ka kai gida da sharaɗin mayarwa, ga yadda za ka yi.

Ka sa madaidaici a inda takardar injin ta nuna na esfireso ne. Niƙa giram 18, ko gwargwadon abin da kwandonka ke ci, don ƙananan kwanduna ba sa ɗaukar 18. Murza kaɗan tsakanin yatsu: ya fi garin gishirin tebur laushi, amma bai kai fulawa ba. Zuba a kwando, ka wargaza dunƙulen da siririyar allura, ka baje, ka danna a miƙe. Ɗora finjali a kan sikeli, ka kunna inji da agogo tare, ka kashe idan ya kai giram 36, wato ninki biyu na garin.

Sakan 25 zuwa 30 ake nema. In ya gaza haka kuma akwai tsami, ɗaure gaɓa ɗaya ko biyu. In ya wuce kuma akwai ɗaci da bauri, sassauta. Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a kowane gwaji, kuma laushin ne. Nauyin gari da dannawa su tsaya yadda suke. Injin kirki, gaɓa ɗaya takan motsa lokacin da sakan biyu zuwa huɗu. In gaɓa ɗaya ta yi tsalle da sakan goma sha, ka mayar da shi. Idan ka dace, maimaita sau uku ba tare da taɓa komai ba. Lokutan su zo kusa da juna.

Kurakurai uku na nan da ke kama sababbin shiga. Na farko, gwaji da tsohuwar ƙwaya: wadda ta yi watanni a kanti za ta zubo da gudu ba kumfa komai laushin niƙa, ka zargi inji a banza. Na biyu, ɗaure injin lantarki yana a kashe alhali akwai ƙwaya tsakanin haƙora. Ka ɗaure yana juyawa, kuma da ka ji ƙarfe na taɓa ƙarfe ka ja baya. Na uku, tsakuwa. Ana noman gahawar arabika a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba, ga ta Habasha da ke shigowa kasuwa, kuma in ka sayi ɗanya ka gasa da kanka ko ka saya a buɗe, baza ta a faifai ka tsince kamar shinkafar gida. Tsakuwa guda ta isa ta ɓantare haƙori.

Kada ka damu in lambar da ta yi maka daidai a watan Janairu ta ƙi a watan Agusta. Danshin damina da tsufan ƙwaya suna sauya gudun ruwa, sabon inji ma sai ya ci kilo kaɗan kafin ya zauna. Ka ajiye ɗan littafi kana rubuta sunan ƙwaya, lambar inji da sakan.

Mataki na 9: Tsafta

Duk sati biyu zuwa huɗu, ka kwance haƙorin sama ka share da busasshen burushi. Ruwa ba ya taɓa haƙoran ƙarfe. Kada kuma ka bi masu cewa a niƙa ɗanyar shinkafa don wanke inji, ta fi gahawa tauri, tana wahalar da motar. Kafin ka kwance, ɗauki hoton yadda ƙananan zobba suke jere da lambar da kake kai.

Idan hali bai kai ba tukuna

Yawancin ƙananan injunan esfireso suna zuwa da kwando mai bango biyu, wanda in ka juya bayansa rami ɗaya tak za ka gani. Shi ke riƙe matsi da kansa, don haka yana karɓar niƙan da bai kai ba, har da garin leda. Ka yi amfani da shi, ka sa mai gasa gahawa ya niƙa maka na sati ɗaya kawai, ka rufe a kwalba nesa da rana da murhu.

Akwai kuma tukunyar moka, wadda Bialetti ya fitar a Italiya a 1933. A kan risho ko gas ake ɗora ta, tana ba da gahawa mai ƙarfi, kuma matsakaicin injin hannu ya ishe ta. Turmi da taɓarya sun dace da jabana irin ta Sudan, inda ake tafasa garin da citta, amma dakan turmi ba ya daidaituwa yadda kwandon esfireso ke so.

In kuwa matsalarka wuta ce ba kuɗi ba, haɗa injin niƙa na hannu mai ƙananan gaɓoɓi da injin esfireso na dannawa da hannu, irin Flair ko Cafelat Robot. Buta a kan wuta, sikeli mai batir, giram 18 a ciki, 36 a finjali. Ka ɗumama finjalin da ruwan zafi kafin ka fara, in Flair ne har da mazubin ruwansa, don ƙarfe mai sanyi yana janye zafin ruwa ya bar maka tsami.